Ranar da Gwaggo ta Zo Neman Yafiya

Kowa a gidanmu ya riga ni sanin sunan ciwon da ke jikina. Har maƙwabciyarmu mai tuyar awara ta riga ni ji. Yanzu da nake rubuta wannan, hannuna na hagu bai gama ɗaguwa ba, in na daɗe a zaune kuma kaina juyawa yake yi, don haka kaɗan-kaɗan nake yi, in na gaji in ajiye biro in kwanta.

A Tsafe muke zaune, ni da Inna. Babanmu ya rasu ina tsakiyar sakandare. Yayana, wanda shi ne babba a ɗakinmu, yana aikin gwamnati a Gusau, yana zaune a Damba da iyalinsa, kuma tun rasuwar Baba maganarsa ce magana a gidan. Da na gama makaranta ban samu wucewa gaba ba, sai na koyi ɗinki, na kafa keke a rumfar tsakar gida ina yi wa matan unguwa riguna da hijabai.

Wajen wanka na fara jin ƙullutun, a maman hagu, can gefe kusa da hammata. Bai fi ƙwayar gujiya ba, kuma ba ya ciwo. Ban san ta inda budurwa take fara irin wannan magana ba, sai na yi shiru ina sa ran zai baje da kansa. Bai baje ba. Da ya kai girman ƙwan zabo na nuna wa Inna. Ta danna da yatsa, ta sake dannawa, ta ce, "Wanga ba maruru ba ne." A ranar ta kira Yaya a waya.

A wani asibiti a Gusau aka ɗauki hoto, aka sa allura mai kauri aka ciri ɗan nama aka aika gwaji wani gari. Da sakamako ya fito muka koma ni da Yaya. Likitan saurayi ne, siriri, da alama bai daɗe da fara aiki ba. Ya buɗe fayil, ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Malama, sakamakon gwajinki…" Bai ƙarasa ba Yaya ya tare shi da Turanci, ƙasa-ƙasa, da sauri. Ina jin Turanci daidai gwargwado, amma ba irin wanda ake yi don kada ka ji ba. Suka ɗan ja magana, likitan yana girgiza kai. Sai Yaya ya juyo ya ce mini, "Tashi ki jira ni waje."

Na tashi. Ban taɓa musu da Yaya ba, ba a ranar zan fara ba.

Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito idanunsa sun yi ja, ya ce mura ce ke damunsa. "Ƙari ne kawai," in ji shi, "za a yi magani." A hanyar tasha ya tsaya ya saya mini tsire da lemun kwalba, ya karɓi jakata ya rataya a kafaɗarsa. Yaya da tun ina ƙarama ni ke ɗaukar masa buta. Naman nan ban iya cinye shi ba.

Ba mu koma asibiti ba. Bungudu aka kai ni, wajen wani dattijo mai maganin gargajiya da aka ce ya warkar da mutane da yawa. Mutumin kirki ne, bai ɗaga mini murya ba, bai kuma ce in buɗe jikina ba, matarsa ce ta duba ta faɗa masa. Ya ba da saiwoyi na jiƙawa da wani baƙin gari da ake kwaɓawa a shafa a wurin. In an shafa sai in ji kamar an ɗora mini garwashi. Ya ce zafin nan ciwon ne ke fita. Muka yi ta zuwa Bungudu muna dawowa, daga Tsafe mu sauka Gusau mu sake mota, muna sauri kada la'asar ta same mu a hanya saboda 'yan bindiga. Fatar wurin ta saɓule, ta zama gyambo, ya fara wari. Ƙullutun kuwa yana nan a ƙarƙashi, sai ƙara tauri yake yi.

Gidan ma ya canza. Inna mai faɗa ce, in na bar tsintsiya a tsakar gida sai unguwa ta ji. Sai ta daina. Ta karɓe shara, ta karɓe wanke-wanke. Masu kawo ɗinki suka ɗauke ƙafa, daga baya na gane ita ke tare su a zaure tana mayar da su. In na fito daga ɗaki na tarar da mata suna hira sai maganar ta yanke, wata ta ce, "Sannu, ya jiki?" in ce, "Da sauƙi." Haka ake cewa. Ko mutum na shure-shuren mutuwa da sauƙi zai ce, kuma wanda ya tambaya ba ya jiran wata amsa.

Na tambayi Inna abin da likita ya ce, ta ce in tambayi Yayana. Na tambayi Yaya, ya ce, "Ke dai ki riƙa shan magani." Wata rana na rubuta alamomin a wayata na bincika. Hotunan da suka fito ban iya kallon na uku ba, na kife wayar. Kalmar da na gani a nan na riƙe ta a ciki ban furta ba, ina gaya wa kaina waya ba likita ba ce.

Sai ga Gwaggo.

Gwaggo yayar Babanmu ce, a Kucheri take aure. Mace ce mai kaushin baki, tun rasuwar Baba ba ta taka gidanmu ba, don sun saɓa da Inna a zaman makoki. Ni kuma ta taɓa tsayar da ni a gidan biki, gaban mutane, ta ce boko ya sa na raina manya, ta faɗa mini maganganun da na yi mako ina kuka a kansu. Ga hanyar ƙauye yadda ta zama, ba a fita sai da dalili mai ƙarfi. Amma da hantsi sai ga ta ta yi sallama, da ƙwaryar fura da nonon da ta saya wajen matan Fulani. Ta gaisa da Inna kamar ba abin da ya taɓa haɗa su. Ta shigo ɗaki ta zauna a bakin tabarmata, tsohuwar nan da gwiwa ke damu, ta kama ƙafata ta riƙe da hannu biyu.

"Ɗiyata," ta ce, "abin da ni yi maki, wanda kinka sani da wanda ba ki sani ba, ki yahe mani don Allah."

A wajenmu babba ba ya neman yafiyar yaro haka kawai. Sai in zai tafi aikin Hajji, ko kuwa an fidda rai da ɗayansu. Gwaggo ba Makka za ta ba, lafiyarta ƙalau in ban da gwiwar, ta ma fi Inna ƙarfi. Na dubi Inna da ke tsaye bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai tana gyara ɗaurin zanen da ba abin da ya same shi.

Na ce, "Na yafe, Gwaggo. Ni ma ki yafe mini."

Ta fashe da kuka. Ni ban yi ba.

Bayanta wasu suka biyo. Wata 'yar uwarmu da muka yi shekara ba ma magana, matar Kawu, har wata da ta taɓa cin mini mutunci a kan ɗinkin sallah. Kowa ya zo da ɗan abin hannunsa, ya zauna, ya nemi yafiya, ya fita yana share ido. Duk na yafe musu. A raina na gama yanke cewa likita ya gaya wa Yaya babu sauran abin yi, an maido ni gida ne in ƙarasa. Abin da ban sani ba shi ne yaushe. In na ji ƙirjina ya soke sai in ce shi ke nan, in fara kalmar shahada, sai kuma ya lafa, in ji Inna tana kwankwasa tukunya a madafa. Haka na yi ta mutuwa ina dawowa ni kaɗai, a ɗakin da ke cike da masu sannu. Abinci ya daina shiga. Na daina tambaya, don na ga tambayar wahalar da Inna take yi.

Gyambon ne ya mayar da mu asibiti. Ya fara zubar da ruwa, zazzaɓi ya rufe ni, dole Yaya ya yarda a kai ni a wanke a ba ni maganin zazzaɓi, ba don wani abu ba. Ya ajiye mu ni da Inna a benci ya ce zai leƙa ofis ya dawo.

A bencin da ke kallonmu akwai wata mata mai matsakaicin shekaru, da atamfa da ta sha wanki da mayafi ruwan toka, tabarau rataye a wuyanta. Tana zaune tsakiyar marasa lafiya tana tsokanar wata tsohuwar Bafulatana, wai ta zo asibiti da kwalliya kamar mai neman miji a cikin likitoci. Tsohuwar tana dariya tana rufe baki, ta ce ai likitocin nan duk ba mai ko saniya ɗaya. Na ɗauka mai jinya ce. Da tsohuwar ta shiga wajen likita, sai matar ta taso ta gaishe da Inna har da rusunawa, ta zauna kusa da ni. Ba ta yamutsa fuska ba, ko da yake na san warin na kai mata.

Ta ce ita likita ce, amma yanzu koyarwa ta fi yi a jami'a. Ta ce ta yi shekaru tana bin asibitoci tana tambayar marasa lafiya abu guda: yadda aka gaya musu ciwonsu. Wa ya faɗa, a ina, yana tsaye ko yana zaune, da wane harshe, kuma me suka riƙe bayan sun fita. Ta ce in na yarda za ta ɗauki maganata a waya, ba suna, in ban yarda ba kuma ba abin da zai rage a kulawar da za a yi mini.

Inna ta gyara mayafi ta ce, "Ke 'yar jarida ce?"

"Haba Inna, da 'yar jarida ce ni ai da kin ga jan baki."

Inna ta yi ɗan murmushi, na farko da na gani a fuskarta cikin watanni. Na ce na yarda. Ban san dalili ba. Wataƙila don ita kaɗai ce ba ta ce mini ya jiki ba.

Ta kai mu wani ƙaramin ɗaki mai kujeru da fanka da ba ta aiki. Ta jawo kujerarta kusa, ba tebur a tsakaninmu, ta kunna wayar ta ajiye.

"Ƙanwata, me aka gaya miki game da ciwon nan?"

"An ce ƙari ne."

"Ke kuma me kike tsammani?"

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Na buɗe baki in ce ban sani ba, sai na ji ina ba ta labarin Gwaggo. Yadda ta zo daga Kucheri, yadda ta riƙe ƙafata, da waɗanda suka biyo bayanta. Na ce na san mutuwa zan yi, abin da nake so kawai a gaya mini ko zan kai azumi, don in san yadda zan shirya. Ina magana Inna tana kuka a gefe ba sauti.

Matar ta miƙa hannu ta kashe wayar. Sannan ta ce, "Marasa lafiya iri-iri ne. Akwai mai son a gaya masa komai. Akwai mai cewa a gaya wa wani nasa, shi ba ya so ya ji, kuma wannan ma haƙƙinsa ne. Ke wanne kike so?"

Inna ta yi wuf ta ce, "Likita, don girman Allah. Yarinya ce."

Ta juya gaba ɗaya ta fuskanci Inna. "Inna, me kike jin tsoro?"

"In ta ji sunan abin nan zuciyarta karyewa za ta yi. Shi ya sa munka ɓoye. Ba don mugunta ba."

"Na sani ba don mugunta ba ne. Amma kin ji abin da ta ce yanzu. Ta daɗe tana jiran mutuwa, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa."

Inna ta rufe fuska da mayafi. Ni kuma na ce, "Ina so in sani."

Ba ta faɗa mini da bakinta ba. Ta ce ba ita ke duba ni ba, ba ta ga fayil ɗina ba, ba za ta yi mini kintace ba. Ta fita, jim kaɗan ta dawo da saurayin likitan nan na ranar farko. Ashe ɗalibinta ne, ita ta koyar da shi. Yana ganina ya gane ni. Ya ce ya yi ta kiran lambar da aka bari, ana ce masa mun yi tafiya. Ya tsaya riƙe da fayil zai fara magana, sai ta tashi daga kujerarta ta tura masa da ƙafa. Ya zauna.

Da Hausa ya yi, a hankali. Ya ce gwajin ya nuna kansar mama ce, wadda ake kira ciwon daji. Kunnuwana suka toshe, na ga bakinsa, na ga bangon da fenti ya ɓaɓɓake, na ji hannun Inna a bayana. Ban san tsawon lokacin da suka bar ni ba. Ba wanda ya ce in yi haƙuri, ba wanda ya ce in daina kuka.

Da na ɗago ya ci gaba. Ya ce tun ranar farko ya gaya wa Yaya akwai magani: a yi tiyata a cire maman, a bi da allurai. Ya ce yanzu abin ya girma, kaluluwar hammata ta kumbura, don haka sai an fara da allurai a rage shi kafin a yi aikin, wataƙila kuma a ƙara da gashi, wato ƙona wurin da hasken na'ura, a wani gari.

Na ce, "Ba cewa ka yi babu abin yi ba?"

"Ban taɓa cewa haka ba."

"To mutuwa zan yi?"

Ya dubi malamarsa. Ita kuwa ta kafa ido a ƙasa, ba ta taimake shi ba. Ya juyo gare ni ya ce, "Ban sani ba, kuma ba zan yi miki alkawari ba. In aka bar shi haka, zai kashe ki. In aka yi magani, akwai matan da na gani da irin naki suna nan suna harkokinsu, akwai kuma waɗanda ya dawo musu. Watannin da suka wuce sun rage mana, amma ba su ƙarar ba."

Sai malamar ta ce in maimaita musu abin da na ji, da bakina, yadda zan faɗa wa wata ƙawata. Na ce, "Kansa." Iyakar abin da ya zauna ke nan. Ba ta yi mamaki ba, ta ce kusan kowa haka yake. Likitan ya sake daga farko, na sake maimaitawa, ya gyara, har sai da na iya jera su: allurai, tiyata, wataƙila gashi. Inna ma aka sa ta faɗa.

Muna cikin haka Yaya ya turo ƙofa. Kallo ɗaya ya yi mini ya gane.

"Wa ya ba ku izini?" in ji shi. "Ni na ce kada a gaya mata! Ni ne uba gare ta!"

Likitan ya miƙe zai ba da amsa, malamar ta ɗaga masa hannu. Ta ce, "Malam, zauna ka gaya mini. Me ya sa ka hana a yi aikin?"

Bai zauna ba, amma ya faɗa. Ya ce kowa ya sani daji ba ya son ƙarfe, da wuƙa ta taɓa shi sai ya watsu a jiki. Ya ce matar abokin aikinsa da ƙafarta ta shiga ɗakin tiyata, ba ta ga wata damina ba. Ya ce ƙanwarsa ko aure ba ta yi ba, a yanke mata jiki sannan kuma ta mutu a yanke? Gara ta cika da mutuncinta a ɗakin uwarta. Ya ce tun ranar nan bai yi barcin kirki ba, ko matarsa sai da ta matsa ya gaya mata, daga nan magana ta fita. Ban taɓa ganin Yaya haka ba, ko a jana'izar Baba.

Ta bar shi ya gama tas. Sannan ta ce ta ji wannan maganar ta ƙarfe a garuruwa da yawa, kuma ta san inda ta samo asali: mata da yawa ba sa zuwa sai ciwon ya riga ya bazu, a yi aiki, su rasu, sai a ce wuƙa ce. Ta ce ba za ta ce masa aikin ba shi da haɗari ba. Ta ce ya yi abin da ya ga shi ne tausayi. "Amma jikin nata ne, Malam. Ga ta nan zaune. Ka tambaye ta."

Yaya bai tambaye ni ba. Kallona kawai ya yi, irin kallon da in ya yi mini tun ina yarinya nake shiga ɗaki. Na tuna Bungudu da baƙin garin nan, na ji in na yi shiru yau gobe can za mu koma.

Na ce, "Yaya, a cire."

"Ke!"

"A cire, Yaya. Don Allah."

Ya fita ya bugo ƙofa. Ta taga na hango shi tsaye jikin mashin ɗinsa, ya dafa sirdi da hannu biyu, kansa a ƙasa. Inna ta ce, "Kin gani ko?" Da aka jima ya dawo, bai dube ni ba, ya ce wa likitan, "Yaushe za a fara?"

Da zan ce daga nan sauƙi ya zo, da na yi ƙarya. Na koma Damba gidan Yaya da zama don kusa da asibiti. Alluran nan a ƙarin ruwa ake sa su, in an yi ɗaya sai in yi kwanaki ina amai, ko warin daddawa na ji daga gidan maƙwabta sai cikina ya juya. Gashina ya zube a kan matashi, faratana suka yi baƙi, bakina ya yi gyambo har kunu sai da dabara. Ina fara dawowa hayyacina sai lokacin wata allurar ya zo. Matar Yaya ta yi ɗawainiya da ni ba ta taɓa nuna gajiya ba, amma na san ta gaji. Yaya ya yi wata guda ba ya yi mini magana sai gaisuwa, kuma shi ke goya ni a mashin ya kai ni, yana tafiya a hankali yana kauce wa ramuka.

Akwai ranakun da na ji haushin malamar likitan nan. Da can tsoro ɗaya nake da shi. Yanzu sun yi yawa, kowanne da sunansa: ko jinina zai isa a yi allura, ko ya shiga huhu, ko ya shiga ƙashi. Amma ko a ranar da na fi galabaita ban yi fatan a mayar da ni tabarmar nan ta Tsafe ba.

Aka yi tiyatar. Da na farka na kai hannu na ji bandeji a shafe. Har yau ba na tsayawa gaban madubi in ba riga.

A kwanciyar da na yi a asibiti ne wata nas ta ba ni labarin malamar. Ta ce rubuce-rubucenta a kan wannan abu har ƙasashen waje ana karantawa, kuma saboda ita yanzu ana jarraba ɗaliban likita a kan yadda ake gaya wa mara lafiya labari mai nauyi, ana iya kayar da mutum a kai kamar yadda ake kayar da shi a sanin magani. Ban karanta ko ɗaya ba, ba na jin zan fahimta. Abin da na gani da idona shi ne saurayin likitan nan, wanda yanzu in dangi suka ce mara lafiya ya fita, sai ya ce a bari tukuna ya tambaye shi abin da yake so. Ba duka suka koya ba. Akwai wani babban likita da ke zagayen safe, ya tsaya a kaina ya yi ta bayani ga na bayansa da Turanci, yana nuna ƙirjina da biro, ya wuce bai ko ce mini sannu ba.

Sau ɗaya malamar ta sake zuwa, ina gado. Ta nemi izini ta riƙa sa wa ɗalibanta muryata, ɗan abin da wayar ta ɗauka kafin ta kashe. Na ce ba za su yi dariyar Hausarmu ta Zamfara ba? Ta ce in sun yi za ta kore su waje su sha rana. Na ce ta sa. Ban ji wani alfahari ba, amai ke taso mini a lokacin, na ƙosa ta tafi in jawo roba.

Satin da ya wuce na koma a duba ni. An sake hoto an ɗebi jini. Ni kaɗai na shiga, Yaya ya zauna a benci ba tare da an ce masa ba. Likitan ya ce a yanzu bai ga komai ba. Ya ce ba zai kira shi warkewa ba tukuna, sai an yi shekaru ana dubawa, in na ji wani sabon ciwo a ƙashi ko tari da ya ƙi tafiya kada in jira ranar da aka ba ni. Na yi tsammanin zan yi murna. Ban yi ba, sai da na ɗan ƙara zama kafin na tashi.

A motar Tsafe na roƙi wani dattijo ya bar mini gefen taga ta hagu, don kada a matse mini wurin ɗinkin. Na yi barci tun kafin mu fita gari. Inna na tsaye a zaure da muka isa, da alama ta daɗe a wurin.

"Mi ya ce?"

"Ya ce yanzu bai ga komai ba. Na gaba kuma bai sani ba."

Ta jira in ƙara wani abu. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan abin da ya ce, Inna."

Ta gyaɗa kai, ta karɓi mayafina. Na shiga ɗaki na kwanta da takalmi a ƙafata.